Hutu A Bakin Dam: Abin Da Ya Kamata Fatake Su Sani Tsakanin Sokode Da Dapaong

Mu ’yan kasuwa mutane ne da ba mu cika ba jiki haƙƙinsa ba. Daga kasuwar Cinkasse zuwa ta Dapaong, daga nan mu kama babbar hanya mai lamba 1 mu gangara Sokode, tafiyar kusan kilomita 300, idonmu na kan kaya da ’yan duwan kawai. Alhali kuwa a gefen wannan hanya akwai wuraren da mutum zai kai iyalinsa su sha iska, musamman a ranakun Sallah.

Kusa da Dapaong akwai dam na Dalwak, wanda daga gare shi ake ba garin ruwan famfo. Haka nan dam na Aleheride da ke arewa da Sokode shi ke shayar da mutanen Sokode. Da la’asar sakaliya, bakin irin wannan ruwa wuri ne na shimfiɗa tabarma, a ci abinci, yara su ga tsuntsaye. Mai son daji kuma ga gandun Fazao-Malfakassa yamma da Sokode, wanda aka kafa a 1975, mai faɗin murabba’in kilomita 1,920.

To, amma hutu a bakin dam yana da ƙa’ida. Abu na farko, ruwan nan shi ne muke sha a zango, da shi muke alwala. Duk wanda ya wanke babur ko mota a bakinsa, ko ya watsar da leda, to, randar gidansu ya ɓata. A nemi izinin masu kula da wurin kafin a zauna, a kuma kwashe shara in za a tashi.

Na biyu, kada mu bar yara su shiga wanka. Ban da haɗarin nutsewa, ruwan da ba ya gudu shi ne matattarar ƙananan dodon-koɗi masu ɗauke da tsutsar tsargiya. Tsutsar takan huda fata ta shiga jiki, daga baya a ga yaro yana fitsarin jini. Idan aka ga haka a garzaya asibiti, domin akwai maganinta mai suna Praziquantel.

Na uku shi ne tsaro. A watan Mayu na 2022 ’yan bindiga sun kashe sojoji 8 a Kpekpakandi, abin da ya sa gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci a yankin Savanes a watan Yuni na shekarar. Don haka a wajen Dapaong a riƙe katin shaida, a tambayi jandarma halin da hanya take ciki, a kuma koma gari kafin magariba.

Kakanninmu fataken goro da suka riƙa yada zango a Didaure ta Sokode kan hanyarsu ta zuwa Gwanja sun san darajar mashaya, domin ayarin da ke tafe a baya ma zai sha. Mu ma mu huta, mu bar ruwan da tsabta. Allah Ya kiyaye hanya, amin.