Gwajin Sankarar Mama: Daga Abuja Zuwa Kwanyawa

Mace a Kwanyawa, cikin ƙaramar hukumar Ƙaraye, idan ta ji ƙulli a nononta, ba kasafai take fara tunanin asibiti ba. Takan gaya wa yayarta ko ungozoma, a nemo saiwa, a shafa, a jira. Akwai ma tsohon zancen da ke yawo cewa daji ba ya son ƙarfe, wato allura ko wuƙar likita sai ta ƙara fusata shi. Kafin a kai ta Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko na Shika a Zariya, sau da yawa ciwon ya riga ya ci ƙarfinta.

Wannan jinkiri ne ya sa gwamnatin tarayya ta dage kan faɗaɗa gwaji. Ƙiyasin hukumar binciken daji ta duniya na 2022 ya nuna mata fiye da 32,000 ne suka kamu da sankarar mama a Nijeriya a shekara guda, fiye da 16,000 kuma suka rasu. Cibiyar binciken daji ta ƙasa, NICRAT, ta kama aiki a 2023, shekarar da tsarin yaƙi da daji na 2023 zuwa 2027 ya fara. Asusun tallafa wa masu daji, wanda ya haɗa da na mama, ya soma da asibitoci shida, Shika na cikinsu, a 2025 kuma aka buɗe sabuwar cibiyar daji a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina.

To amma wane irin gwaji ne zai isa Ƙaraye? Na'urar hoton nono tana da tsada, tana son wuta marar yankewa da ƙwararren mai karanta hoto, ga shi ba ta gani sosai a jikin mata masu ƙarancin shekaru, alhali a nan ciwon yakan kama mace tana tsakiyar renon 'ya'ya. Abin da ya fi dacewa shi ne hannun ma'aikaciyar lafiya da aka horar. An gwada haka a Mumbai ta Indiya tsawon shekara 20 a kan mata kimanin 150,000, aka ga mutuwa ta sanadin sankarar mama ta ragu da kusan kashi 30 cikin 100 tsakanin waɗanda suka kai shekara 50. Mace ce ke duba mace, don haka kunya ta ragu, maigida ma ba shi da hujjar hanawa. Ranar awon ciki ko ta rigakafin yara ta isa a haɗa da wannan.

Inda gizo ke saƙar shi ne bayan an taɓa ƙullin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a tabbatar da ciwon cikin kwana 60. Ga manomin da sai ya sayar da masara ko akuya kafin ya biya kuɗin mota zuwa Kano, ya biya na ɗiban tsoka a gwada, ya koma karɓar sakamako, kwana 60 ba yawa ba ne. Idan aka gaya wa mace tana da ƙulli aka bar ta da takarda a hannu, an ƙara mata fargaba ne kawai, maƙwabtanta kuma su ce da ma asibiti ba ya warkar da daji. Mafi yawan ƙulle-ƙullen nono ba daji ba ne, sai dai ba mai iya faɗa mata hakan da gaskiya sai an gwada tsokar, kuma wannan gwajin har yanzu a birni yake.