Daga Kifin Salmon Zuwa Tafkin Tarwadarka

Kai matashi mai kiwon tarwada, ka san me ke cikin allurar Ovaprim da kake yi wa uwar kifi? Daga kifin salmon aka samo dabarar.

Idan salmon ya baro teku ya nufi kogin da aka ƙyanƙyashe shi, ƙwaƙwalwarsa na sakin sinadarin GnRH. Shi ke zaburar da wani ɗan ƙulli a ƙarƙashinta ya umarci ƙwai su nuna. Kwaikwayon wannan sinadarin ne a allurarka.

Amma fa a kula: allura ba ta nunar da ƙwan da bai ƙosa ba. Taɓa cikin uwar tukuna. In bai cika ya yi laushi ba, dakata, kar kuɗinka su bi ruwa.