Yadda A Ke Gane Kan Jirgin Ƙasa A Tsohon Hoto

A akwatunan ofisoshi da na makarantu akwai tsofaffin hotunan reluwe tuli, galibinsu ba rubutu a bayansu. Waɗanda suka san labarinsu kuwa sai ƙarewa su ke yi. To, kan jirgin da ke cikin hoton shi kansa shaida ne, in an san yadda a ke tambayarsa.

Da fari a dubi faɗin dogo. Babban layin da ya taso daga Baro ya isa Kano cikin 1911, tsakanin ƙarafansa inci 42 ne. Amma ƙaramin layin da ya tashi daga Zariya ya hau Jos don jigilar kuza, nasa inci 30 ne kurum. Ya isa Jos cikin 1914, an rufe shi cikin 1957. Saboda haka in an ga ɗan ƙaramin kai bisa matsattsen dogo, ga duwatsun Jos a bayansa, hoton bai wuce tsakanin shekarun nan ba.

Na biyu, a ƙirga ƙafafu. Ma'aikatan reluwe sun kasa su uku: ƙanana na gaba, manya na tsakiya waɗanda sandan ƙarfe ya haɗa, da ƙanana na baya. Gefe guda hoto ke nunawa, don haka abin da aka ƙirga sai a ninka shi. Ƙarama ɗaya, manya huɗu, ƙarama ɗaya, shi ne 2-8-2. Haka ƙirar kawunan da aka sa wa sunayen koguna ta ke, waɗanda kamfanin Vulcan Foundry na Ingila ya fara ƙerowa cikin 1948. Wanda ya ga irinsu ya ce hoton na zamanin Gwamna Lugga ne, ya yi kuskuren shekara kusan 30.

Na uku, a lura da siffa. In tukunyar ruwa na rataye a tsakiya, ga jerin manyan ƙafafu a gaba, ga wani a baya, wannan shi ne Garratt, ƙirar Beyer Peacock na Mancesta, wanda ya fara zuwa ƙasar nan cikin 1930. In kuwa kai mai shan dizal ne ke jan taragun fasinja a babban layi, hoton bai riga 1955 ba.

Sa'an nan a nemi lamba da suna a jikin kan jirgin, a duba abin da ke kewaye. Gadar Makurɗi, alal misali, sai 1932 aka buɗe ta.

Malamai da akawuna, ga roƙonmu. Duk hoton da ya zo hannunku, ku rubuta abin da kuka tabbatar a bayansa da fensir, don tawada ta kan huda takarda. Abin da ku ke zato kuwa, ku rubuta cewa zato ne. Yaron da ya gāji hoton zai ɗauki rubutunku gaskiya, ya koya wa na bayansa.