Thomas More a azuzuwan Jimeta: wa ke koya wa ɗalibi yadda ake cewa a'a?

Ɗaliban Yola da Jimeta da suka kai ajin ƙarshe na sakandare a 2026 suna aji uku na ƙaramar sakandare lokacin da abubuwa biyu suka faru a garinsu, wata uku da rabi a tsakani.

Na farko ya auku ne da safiyar Lahadi, 16 ga Afrilun 2023. Ba a kammala tattara sakamakon zaɓen gwamna ba, sai kwamishinan zaɓe na jihar, Hudu Yunusa Ari, ya shiga zauren tattarawa ya bayyana Sanata Aishatu Dahiru Binani a matsayin wadda ta yi nasara, alhali baturen zaɓe kaɗai doka ta ɗora wa wannan aiki. Kafin rana ta faɗi hedikwatar INEC a Abuja ta soke sanarwar. Ranar Talata baturen zaɓen, Farfesa Mohammed Mele na Jami'ar Maiduguri, wanda malamin Ingilishi ne, ya ƙarasa lissafi ya bayyana Ahmadu Umaru Fintiri. Shi dai kwamishinan ya dage cewa bai saɓa doka ba, maganar kuma ta kai gaban kotu.

Na biyu ya zo ranar 30 ga Yuli, wata biyu bayan cire tallafin man fetur, sa'ad da dandazon jama'a suka fasa rumbunan ajiyar abinci suka yi awon gaba da buhuna, har gwamnati ta kafa dokar hana fita ta sa'a 24.

Yanzu waɗannan yara an ɗora musu wani littafi a kan tebur. A jerin littattafan adabin Ingilishi da WAEC ta tsara na 2026 zuwa 2030, makaranta za ta zaɓi ɗaya cikin wasannin kwaikwayo biyu na ƙasashen waje: An Inspector Calls na J. B. Priestley, ko A Man for All Seasons na Robert Bolt. Na biyun shi ne labarin Thomas More, babban alƙalin Ingila kuma na hannun daman Sarki Henry na Takwas, wanda ya ajiye muƙaminsa a 1532, ya ƙi yin rantsuwar da sarki ya wajabta a 1534, ya yi fiye da shekara a tsare, aka fille masa kai ranar 6 ga Yulin 1535. Bai tara mayaƙa ba, bai zagi sarki ba, bai tsere ba. Hannu kawai ya ƙi sawa, kuma ya san abin da ƙin zai jawo masa.

Abin tambaya shi ne ko akwai malamin da zai ɗauki wannan wasa ya ajiye shi kusa da Afrilu da Yulin 2023, ya ce wa ɗalibai su auna. Mutum ukun nan duka sun taka wani umarni ko wata ƙa'ida: More, da kwamishinan da aka soke wa sanarwa, da saurayin da ya fito da buhun masara a ka. Me ya raba su? Amsar ba a ɓoye take ba. Wanda ya bijire wa doka cikin lumana yakan yi abinsa a bainar jama'a, ba ya cutar da kowa, ba ya ƙaruwa da komai, sannan yakan tsaya ya karɓi hukunci. Haka Henry David Thoreau ya kwana ɗaya a gidan yarin Concord a 1846 saboda ƙin biyan haraji ga gwamnatin da ta amince da bauta; haka Martin Luther King ya rubuta shahararriyar wasiƙarsa daga kurkukun Birmingham a 1963. Ba ma sai an ƙetare teku ba. Malam Aminu Kano ya bar aikin koyarwa a Maru a 1950 ya rungumi siyasar da ta kai shi gidan kaso, matan Abeokuta kuwa, ƙarƙashin Funmilayo Ransome-Kuti, sun yi ta zaman dirshan a ƙofar fada kan haraji har Alake ya sauka daga gadon sarauta a 1949.

Mai wannan rubutu ya yi hidimar ƙasa a wata sakandare a Jimeta, a zamanin da Harvest of Corruption na Frank Ogodo Ogbeche ke cikin manhaja, saboda haka ya san yadda ajin adabi yake. Littafi ɗaya ɗalibai biyar ko shida ke rabawa. Da yawa ba su taɓa karanta wasan daga farko zuwa ƙarshe ba. Abin da ke hannunsu shi ne 'yan littattafan taƙaitawa da tambayoyin shekarun baya da ake saya a kasuwar Jimeta. Ana haddace sunayen taurari, a haddace jigo, a juye a takardar jarrabawa. Wata rana wata ɗaliba ta tambaya, cikin ladabi, me ya sa aka ɗaure Ayo, akawun da ya fitar da takardun da suka tona asirin minista, tare da waɗanda ya tona. Na ba ta amsar littafi, cewa ai cin hanci ya karɓa kafin ya fitar da su. Ta yi shiru, amma ba shirun gamsuwa ba. Tambayar da take nufi ita ce ko da bai karɓi ko kwabo ba zai tsira, ni kuwa na duba agogo na wuce zuwa jigo na gaba. Har yau wannan wucewa tana damuna.

Za a ce ai akwai darasin sanin haƙƙin ɗan ƙasa, wanda aka wajabta a jarrabawar WAEC a 2014. Gaskiya ne. A can ɗalibi zai ji cewa sashe na 40 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba shi 'yancin taro cikin lumana, sashe na 24 kuma ya jera masa nauyin da ke kansa. Ƙila ma ya ji cewa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke a 2007 cewa ba a buƙatar izinin 'yan sanda kafin gangami. Sai dai sashe ba shi da mata da 'ya. More yana da su, kuma ɗalibi zai ga yadda gidansa ya talauce, barorinsa suka watse, iyalinsa suka zo kurkuku suna roƙonsa ya rantse ya dawo gida. Wannan ne abin da adabi ke iya nunawa wanda jerin sassa ba ya iyawa.

Malamin ma yana da nasa tsoron, kuma ba na banza ba ne. Albashinsa daga gwamnatin jiha yake fitowa, ko daga mai makaranta da ba ya son fitina. A gabansa akwai Bafulatani da Bachama da Kilba da Chamba da Margi da Ibo, Musulmi da Kirista, wasu 'ya'yan magoya bayan wannan ɓangare, wasu na wancan. Rikicin More kuwa a kan Paparoma da auren sarki ne, kuma More na tarihi, saɓanin na Bolt, ya gallaza wa waɗanda suka saɓa masa a aƙida lokacin da iko ke hannunsa. Malamin kirki zai faɗi wannan, domin kada ɗalibai su ɗauka jarumi ba ya da tabo. Amma gujewa batun baki ɗaya ma yana da farashi. A Nuwamban 2024 an ga ƙananan yara, galibinsu daga Arewa, suna faɗuwa a Babbar Kotun Tarayya ta Abuja bayan wata uku a tsare kan zanga-zangar Agusta, kafin Shugaba Tinubu ya ba da umarnin sakinsu. Sa'annin ɗaliban nan ne.

Ga ma'aikacin da ke karanta wannan a ofishinsa a Abuja, wanda ƙila ɗansa ko ƙanwarsa ke da littafin a jaka, tauraron da ya fi kusa da shi ba More ba ne. Bolt ya saka wani talaka mara suna da ke sauya riga a kowane fage: shi ne baran gida, shi ne mai kwalekwale, shi ne gandiroba, shi ne shugaban masu taya alƙali yanke hukunci, a ƙarshe shi ne hauni. Bai taɓa ƙin More ba, aikinsa kawai yake karewa. Akwai kuma Richard Rich, matashin da ya zo neman muƙami, More ya ba shi shawarar ya je ya yi koyarwa, ya ƙi, daga bisani ya yi shaidar zur a kansa aka saka masa da kujera.

Ɗaliban Jimeta ba za su rasa lura da ƙarshen Rich ba, domin wasan bai ɓoye shi ba. Ya hau kujerar da More ya bari a 1547, ya tara dukiya, ya rasu a kan gadonsa a 1567. Wani daga bencin baya zai ɗaga hannu ya yi tambaya a kan haka, saura minti biyar a kaɗa ƙararrawa.