Awon iskar taya: mu san bar, mu san psi

Ƴan'uwa manoma, lokacin kaka amalanke da babur da mota su ne ke kai mana hatsi gida da kasuwa. Dukansu bisa taya suke tafiya, kuma lafiyar taya tana ga iskar da ke cikinta. Idan iska ta yi kaɗan, taya takan yi zafi, gefenta ya cinye, jaki ya wahala, inji ya sha mai da yawa. Idan ta yi yawa, tsakiyar taya takan cinye, kuma tana iya fashewa bisa hanya da mutane a kai.

Agogon awon iska na masu faci yana da ma'auni iri biyu. Na farko shi ne bar, wanda ake aiki da shi a Faransa da Nijar. Shi ne waɗansu ke ce wa «kilo», domin bar 1 ya yi kusa da nauyin kilo 1 bisa fili mai santimita 1 tsawo da santimita 1 faɗi. Na biyu shi ne psi, ma'aunin Amurka da Ingila. Muna yawan ganinsa a kan kayan da ke shigowa daga Najeriya ta Ɗan Isa da Birnin Ƙwanni.

Ga abin da za mu riƙe: bar 1 daidai yake da psi 14 da rabi.

Domin mayar da bar zuwa psi, sai mu ninka shi sau 14 da rabi. Domin mayar da psi zuwa bar, sai mu raba shi gida 14 da rabi.

Bar 2 = psi 29
Bar 2 da rabi = psi 36
Bar 3 = psi 43 da rabi
Bar 4 = psi 58

Akwai kuskuren da ya kamata mu guje wa: ɗaukar bar 1 kamar psi 10. Wanda aka ce ya sa bar 2 da rabi, ya tsaya a psi 25, tayarsa ta rasa kusan kashi ɗaya cikin uku na iskarta. Wanda aka ce ya sa psi 35, ya buga bar 3 da rabi, ya kai kusan psi 51 ke nan, ya wuce iyaka ƙwarai.

Saboda haka, in mai faci ya faɗa mana lamba, mu tambaye shi: bar ne ko psi? Iskar da ta dace da mota tana rubuce cikin littafinta ko jikin ƙofar direba. Lambar da ke gefen taya iyaka ce wadda ba a wucewa. Mu auna da safe, kafin rana da tafiya su ɗumama taya, domin zafi yana ƙara ƙarfin iska.

Mu kwafe waɗannan lambobi cikin littafinmu, mu karanta wa waɗanda ba su shiga yaƙi da jahilci ba tukuna.