Biri Ya Yi Kama Da Mutum: Har Ya San Abin Da Ya Manta

Mutanenmu mazauna Agege ba baƙin gwaggon biri ba ne. An sha ganin masu wasa da kura sun sauko daga Arewa, sun ratsa unguwannin Ikko suna tallar magani, ga kura da takunkumi, ga gwaggon biri sanye da riga yana karɓar kuɗi a hannun 'yan kallo. Har wani mai ɗaukar hoto daga Afirka ta Kudu, Pieter Hugo, ya bi wata ƙungiyarsu a 2005 da 2007, hotunan suka zaga duniya. Galibi abin da mai kallo ke cewa shi ne, “Kai, dabban nan da wayo yake!” To, masana sun daɗe suna auna wannan wayo, kuma abin da suka samu ya wuce ƙamewa da sara wa jama'a.

A fara da riƙe abu a ka. A Faransa, Joel Fagot da Robert Cook sun riƙa nuna wa gwaggon birai biyu hotuna a allon kwamfuta, kowane hoto da amsar da ta dace da shi, ko dama ko hagu. Da suka ba da rahoto a 2006, bayan fiye da shekara 3 ana yi, dabbobin sun haddace hotuna tsakanin 3,500 da 5,000, kuma ba su nuna alamar kai ya cika ba. A Jami'ar Kyoto ta Japan kuwa, a 2007, wani ɗan cimfanzi mai suna Ayumu yakan ga lambobi warwatse a allo na ɗan abin da bai kai ƙiftawar ido ba, a rufe su, ya taɓa wurarensu bi da bi. Ya kayar da ɗaliban jami'a, ko da yake daga baya an ga mutum ma in ya sha horo irin nasa yana iya kamo shi.

Amma hadda daban, sanin abin da aka haddace daban. A ɗauki dillali a karar Oko-Oba. In aka tambaye shi nawa aka sallama jan bijimin nan jiya, wani lokaci ya faɗa nan take. Wani lokaci kuwa sai ya ce, “Alhaji, dakata in duba takarda.” Wato ya leƙa cikin kansa, ya ga lissafin bai zauna ba, ya ƙi yin kasada da dukiyar mutane. Wannan leƙen kai shi aka daɗe ana zaton ɗan Adam kaɗai ke da shi. Yaya za a tambayi dabbar da ba ta magana ko tana da tabbas?

Wani Ba'amurke, Robert Hampton, ya samo dabara, ya bayyana ta a 2001. Birai biyu ya yi aiki da su, irin na ƙasar Indiya da ake kira rhesus. Sai a nuna wa biri hoto, a ɗauke, a jira. Kafin a kawo jarrabawa sai a ba shi zaɓi: ko ya shiga, ya tsamo hoton daga cikin wasu, in ya ci a ba shi gyaɗa, in ya faɗi ya tashi a tutar babu, ko kuwa ya ce a kai kasuwa, a ba shi ɗan abincin da bai kai gyaɗa daɗi ba, amma tabbatacce ne. A lura, lokacin zaɓin babu hoton komai a gabansa, sai abin da ya rage a kansa.

Abin da ya faru shi ne, duk sa'ad da birin ya shiga don kansa ya fi cin jarrabawa bisa ga lokacin da aka tilasta masa. Ɗaya daga cikinsu ma, in jira ya yi tsawo sai ya yawaita janyewa, in kuma ba a nuna masa hoto ba tun farko, ba ya ko wahalar da kansa. Ashe dai ya san lokacin da abu ya kuɓuce masa.

Akwai wata gwajin da ta fi wannan sauƙi, wadda ko yaro zai gane. A jera bututu, a ɓoye abinci a ɗaya. In dabba ta ga inda aka sa, sai ta miƙa hannu kai tsaye. In ba ta gani ba, sai ta sunkuya ta leƙa bututun ɗaya bayan ɗaya tukuna. Josep Call da Malinda Carpenter sun ga haka a 2001 wajen cimfanzi da orangutan da yara 'yan shekara 2 da rabi, Hampton kuma ya same shi wajen akasarin biransa a 2004. A Jami'ar Columbia da ke New York, a 2007, har caca aka koya wa birai: bayan sun ba da amsa sai su zuba ƙwandala da yawa ko kaɗan, kuma suna zuba da yawa ne in amsar daidai ce.

Ba duka masana suka sallama ba. Wasu na cewa biri ba tunanin tunaninsa yake yi ba, ya dai koyi cewa in ya ji hannunsa na ɗari-ɗari, janyewa ta fi riba. Wannan suka tana da ƙarfi, ita ce ma ta sa aka yi ta tsaurara gwaje-gwajen. Sai dai ba ta bayyana dalilin da ya sa biran capuchin na Kudancin Amurka, waɗanda ba su gaza kowa son abinci ba, suke yawan kasawa inda rhesus ke wucewa.

Wannan duk ya shafe mu ta hanya biyu. Manomin da jan biri ya addaba a gonar gyaɗa ya san mutum-mutumi ba ya daɗewa yana aiki, domin birin na tuna cewa jiya bai motsa ba. Wanda ya taɓa kwana a sansanin Wikki na Yankari ya ga yadda gwaggon biri ke sanin ɗakin da ake barin ƙofa a buɗe. Ta ɗaya hanyar kuma, dabbar da ke riƙe hotuna 5,000 ba za ta rasa riƙe fuskar mai dukanta ba, ko garken da aka raba ta da shi tana ƙarama. Gwaggon biri a daji cikin dangi yake rayuwa, ya san uwa, ya san 'yan'uwa, ya san wanda ya fi wani girma. Wanda ake ja da sarƙa a bakin titin Agege daga cikin irin wannan garke aka ciro shi.