Dalilin da ya sa kwamfuta ke tsayawa wa masu haɗa bidiyon biki a Maraɗi

An gama biki ranar Lahadi. An yi alƙawarin ba da bidiyo ranar Laraba. Daren Talata, mai montaji ya jera hotuna, ya sa kiɗa, ya rubuta sunayen ango da amarya, ya danna wajen fitar da aiki. Layin da ke nuna ci gaba ya yi nisa, sai ya tsaya cak. Wani ɗan akwati ya fito a allo: "Mémoire insuffisante", ko "Out of memory" idan kwamfutar da Turancin Ingilishi take. Daga nan manhajar ta rufe kanta.

Wannan yanayi ba baƙo ba ne a ƙananan shagunan ɗaukar hoto na birnin Maraɗi, inda ake haɗa bidiyon aure da suna da walimar saukar Alƙur'ani. Nan ne kuma ake kawo hotunan hawan Sallah daga Tibiri, mazaunin Sarkin Gobir, da na ayyukan noman rani daga Jiratawa. Masu jiran bidiyon ba a gida kaɗai suke ba. Akwai 'yan uwa a Libiya da Aljeriya da Saudiyya da Faransa, waɗanda suka turo gudunmawar biki, kuma bidiyon nan ne kaɗai rabonsu da shi. Idan ya makara, mai shagon ne ke shan kira, wani lokaci har a riƙe masa cikon kuɗinsa.

Rumbu daban, masussuka daban

Kuskuren farko da da yawa ke yi shi ne ɗaukar cewa saƙon na nufin faifan ajiya ya cika. Sai mutum ya shiga goge tsofaffin bidiyoyin mutane, amma matsalar na nan.

Faifan ajiya kamar rumbu ne, RAM kuwa masussuka ce. Komai girman rumbu, dammunan da masussuka ta ɗauka kaɗai ake iya sussukewa a lokaci guda. Akwai kuma ƙaramar masussuka ta biyu a jikin katin hoto, wadda ake kira VRAM. Ita ce ta cika idan DaVinci Resolve ya nuna saƙon "GPU memory is full".

Kamfanin Adobe ya sa gigabait 8 a matsayin mafi ƙarancin RAM na Premiere Pro, ya ba da shawarar 16 ga bidiyon HD, 32 ko fiye ga 4K. DaVinci Resolve kuwa daga 16 yake farawa a Windows. Kwamfutocin hannu na gwanjo da ake samu a kasuwa galibi da 4 ko 8 suke zuwa, domin aikin ofis aka ƙera su.

Wayar zamani, tsohuwar kwamfuta

Abin da ya tsananta lamarin shi ne wayoyi sun yi wa kwamfutocin nisa. Hoto ɗaya na Full HD ɗigo 1920 ne sau 1080, wato ɗigo miliyan 2 da 'yan kai. Na 4K kuwa 3840 ne sau 2160, fiye da miliyan 8, ninki huɗu ke nan. Idan manhaja ta warware hoton 4K guda don ta yi aiki a kansa, yana iya cin megabait 33. Daƙiƙa ɗaya mai hotuna 30 ta kusa cin gigabait guda.

Tun 2017 wayoyin iPhone suka fara ɗaukar bidiyo da tsarin HEVC, wanda ke matse fayil ya zama ƙarami a waya, amma yana wahalar da tsohuwar kwamfuta wajen warwarewa. Wayoyi da yawa kuma ba sa riƙe adadin hotuna ɗaya a kowace daƙiƙa, abin da ke rikita wasu manhajoji har murya ta saɓa da baki. Saboda haka bidiyon da ƙawayen amarya suka ɗauka da wayoyi biyar daban-daban, aka ce a haɗa da na kyamara, shi ne sau da yawa ke kayar da aikin.

Abin da za a fara yi kafin kashe kuɗi

Mataki na farko shi ne a gano wace masussukar ce ta cika. Danna Ctrl da Shift da Esc tare na buɗe Task Manager, wanda a Windows na Faransanci ake kira Gestionnaire des tâches. Nan za a ga yadda RAM da katin hoto ke cika yayin aiki. Sau da yawa Chrome da WhatsApp na kwamfuta da aka bari a buɗe sun riga sun cinye wani kaso.

Na biyu, a yi aiki da proxy, wato ƙaramin kwafin bidiyo mara nauyi da ake yanka da jerawa a kansa, sai lokacin fitarwa manhaja ta koma kan na asali. Premiere Pro da DaVinci Resolve da CapCut na kwamfuta duk suna da wannan tsari.

Na uku, bidiyon waya a fara bi da shi ta HandBrake, manhaja ta kyauta, a mayar da shi H.264 mai 1080 da adadin hotuna tsayayye. Bidiyon da zai ƙare a WhatsApp ba ya bukatar 4K, domin WhatsApp ɗin zai sake matse shi.

Na huɗu, a share tarkacen wucin gadi da manhaja ke tarawa, wanda ake kira cache, a bar sarari a faifan C. Idan RAM ta cika, Windows kan ari wuri a faifan, idan can ma babu sarari sai komai ya tsaya.

Na biyar, kada a zuba bikin kwana uku a layi ɗaya. A raba shi: kamu daban, ɗaurin aure daban, kai amarya daban. A fitar da kowanne, sannan a haɗe. Idan kuma kullum a minti ɗaya fitarwar ke tsayawa, to a duba wurin: akwai yiwuwar fayil ɗin da ke nan ne ya lalace, ko wani ado mai nauyi aka ɗora masa.

Idan duk wannan bai yi ba, a duba ko Windows ɗin mai bit 32 ne, wanda ba ya iya amfani da fiye da gigabait 4 ko nawa aka sa masa. A kuma gwada lafiyar RAM ɗin da Windows Memory Diagnostic ko MemTest86. Manhajar da aka fasa aka raba a kile ma kan kawo irin wannan faɗuwa, kuma ba ta samun gyaran kamfani.

Zafi, ƙura da wuta

Ba kowace tsayawa ce laifin RAM ba. A watannin Afrilu da Mayu zafin Maraɗi kan haura digiri 40, ga ƙurar hunturu da ta riga ta toshe fankar kwamfuta. Na'urar da ta yi zafi kan rage gudu ko ta mutu da kanta. Hure ƙura da ɗaga kwamfutar daga kan katifa ko kafet na rage wannan.

Sai wutar lantarki. Mazauna birnin ba su manta da watan Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take sayar wa Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, har zuwa Maris ɗin 2024. Wutar da ta ɗauke ana tsakiyar adanawa na iya lalata fayil ɗin aiki, washegari ya ƙi buɗewa. Maganinsa shi ne a kunna adanawa ta kai tsaye duk bayan minti 5, a ajiye kwafi a wani faifan, kuma kada a goge katin kyamara sai mai biki ya karɓi kayansa.

Ga masu turo kaya daga waje

Ɗan uwan da zai aiko wa ƙaninsa kwamfuta don wannan sana'a, ya duba abu uku kafin kyawun jiki: RAM gigabait 16, faifan SSD, da katin hoto mai VRAM gigabait 4 ko fiye. Ya kuma tambaya ko ana iya ƙara RAM ɗin, domin a wasu siraran kwamfutoci manne take da allon ciki. Mai sayen ƙari a Maraɗi ko Kano ya tafi da kwamfutar ko lambar samfurinta, saboda DDR3 ba ta shiga ramin DDR4.

Mai ɗaukar biki da waya kuma, kafin a fara guɗa, ya shiga saitin kyamara ya mayar da ita 1080.